Yarinyar da Take Yage Shafin Karatu

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu mai i'ina. Wata rana malama ta sa ta karatu a gaban aji, kalma ta maƙale mata a baki. Yara suka kwashe da dariya.

Sai ta ɓullo da dabara marar kyau. Duk shafin da za a karanta gobe, sai ta yage shi ta cusa a aljihu.

"Malama, nawa littafin babu shafin," haka take cewa.

Ranar wanki mamanta ta zazzage aljihun, sai ga takardu a dunƙule.

"Ke! Akuya ce ke, da za ki cinye littafi?"

Yarinya ta fashe da kuka. "Mama, na bar makaranta. Ni ba ni da amfani."

Wannan maganar ta fi yagar littafi tayar wa mama hankali. Ta je ta sami malama. Malama ta tura su wajen wata likita mai maganin damuwa ta hanyar hira.

Ɗakin likita ba allura, ba ƙwaya. Kujeru ne kawai da tebur.

"To ina maganin?" in ji mama.

"Zaman shi ne maganin. Ki riƙa kawo ta duk Laraba."

Zama biyu yarinya ba ta ɗaga kai ba. Likita ba ta matsa mata ba. A na uku ta tambaye ta, "Wa ya ce ba ki da amfani?"

"Ni."

"Da ƙawarki ce mai i'ina, haka za ki faɗa mata?"

"A'a! Ai za ta ji ciwo."

"To ke ba kya jin ciwo ne?"

Sai hawaye suka zubo wa yarinya.

Bayan wannan zaman, da hannunta ta liƙe shafukan, ta ba malama haƙuri. Likita ta sa ta gwajin karatu: ta fara karanta wa kujera, sannan likita, sannan mama.

Bayan wata uku malama ta ce, "Wa zai karanta?"

Yarinya ta ɗaga hannu, ta fara karatu. Kalma ta maƙale. Wani yaro ya yi dariya. Ta ja numfashi, ta ci gaba, har ƙarshen shafi.

"Madalla," in ji malama. "Gobe ma ke ce."

Yara, ku saurara. I'ina ba laifi ba ce, yage littafi ne laifi. In abu yana cin ku a rai, ku faɗa wa babba. Neman taimako ba abin kunya ba ne.