Matakin Ƙafar Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji biyu a sakandare. In dai zane ne da fensir da rula, to kowa ya kauce mata. Layinta miƙaƙƙe ne, da'irarta kuwa kamar ba hannu ne ya zana ba. Kakarta ba ta kiranta da komai sai Injiniya. Sunan ya bi ta har makaranta, ita kuwa kanta ya fara kumbura.

Kaka ba ta iya tafiya, a keken guragu take zama. Wata rana matakin da take ɗora ƙafar dama ya fashe. Na roba ne, ya yi raga-raga. Aka zaga shaguna, ba a samu irinsa ba. Mama ta ɗaura igiya a wurin. Da aka gwada fita, ƙafar ta zame, ta gurje a ƙasa. Daga ranar Mama ta ce babu fita sai an gyara keken.

Abin ya tsaya wa Kaka a rai. Tana da aminiya a ƙarshen layinsu, sun fi shekara hamsin tare. Ita ma tsufa ya zaunar da ita, ba ta iya fitowa. Ga shi ɗanta zai zo ya ɗauke ta zuwa garin da yake aiki, can nesa. Saura mako biyu, ranar Asabar.

"In ban gan ta kafin su tafi ba," in ji Kaka, "wa ya san ko za mu sake haɗuwa?"

Kawu, ƙanin Mama, yana aiki a wani wuri mai injin yanka ƙarfe. Ya zo ya duba keken. Matakin hagu na nan lafiya. Faffaɗa ne, yana da kunnuwa biyu a baya. Kowane kunne yana da rami, inda noti ke shiga ya riƙe shi a jikin keken.

"Zan iya yanko irinsa da ƙarfe," in ji Kawu. "Amma injinmu ba ya karanta takarda. Zanen kwamfuta yake bi. Ni kuwa yankan kawai na iya."

"Ni zan zana, Kawu!" Injiniya ta yi caraf ta amsa. "Ai an fara koya mana."

"Kin tabbata?"

"Haba, Kawu! Ni ce fa."

Gaskiya ne, an fara koya musu. Amma darasi biyu kacal suka yi. Kuma abin da ba ta faɗa wa kowa ba shi ne, kwamfutar nan ta tsone mata ido.

A ɗakin kwamfuta Malam ya nuna musu manhajar zane. Ya ce, "Ku ja layi da linzami, wato ɗan abin nan da ake motsawa da hannu a gefen kwamfuta. Sannan ku rubuta tsawonsa da lamba. Kwamfuta ba ruwanta da ido, lamba ta sani."

Injiniya ta kama linzami, ya riƙa zame mata. Ta nemi lambobi a madannai da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar hatsi. Yaron da ke kusa da ita, wanda ko layi ɗaya bai taɓa ja miƙe a takarda ba, ya riga ta gamawa. Har da waiwayowa ya ce, "In taimaka miki ne?"

Wai ita za a taimaka! Ta harare shi, ta kau da kai.

Ranar Talata da hutun tara ta koma ɗakin kwamfuta. Ta riga ta auna matakin hagu a gida, ta rubuta komai a littafinta. Malam yana can ƙarshen ɗaki yana duba takardu.

Ta zaro rularta daga jaka. Ta manna ta a fuskar kwamfuta. Ta ja layi da linzami har ya kai inda rula ta nuna. Ta sake ja, ta sake ja. Kan ka ce kwabo, jikin matakin ya fito tsaf. Ba ta taɓa lamba ko ɗaya ba.

"Ashe ma abin ba wuya," ta faɗa a ranta. "Malam ne dai da son tsawaita magana."

Saura kunnuwa. Su ƙanana ne, ba ta ganin su sosai. Sai ta murza ɗan tayan da ke kan linzami, zanen ya ƙara girma, ya cika fuskar kwamfuta. Ta sake manna rula. Tsakanin kunne da kunne santimita takwas ne. Ta auna takwas daidai a kan rula, ta zana.

Malam ya ɗago kai. "Injiniya, me ake yi ne? In zo in gani?"

"A'a, Malam, na ma gama."

Ta roƙi Malam ya tura zanen zuwa wayar Kawu. Ya tura, bai buɗe ba, don ta ce masa sauri take yi.

Ranar Lahadi da hantsi Kawu ya shigo da ƙarfe a naɗe cikin jarida. Ya warware. Kai, abin ya yi kyau, sai sheƙi yake yi! Kaka ta sa aka ɗauko mata mayafinta tun ba a ɗaura ba.

Kawu ya durƙusa gaban keken. Ya kai kunne ɗaya kan noti, ya shiga. Ya nemi ɗayan, ina! Kunnen yana can nesa da notinsa. Ya juya ƙarfen, ya sake gwadawa. Haka dai.

Ya ciro abin awo daga aljihu. "Nawa kika ce tsakaninsu?"

"Takwas."

"To, nan huɗu ne."

Injiniya ta matso kusa. "Wallahi takwas na auna, Kawu! Ko dai injin ne?"

"Injin ba ya ƙari, ba ya ragi. Abin da aka ba shi yake yankawa."

"Ba za a iya gyarawa ba?" Mama ta tambaya.

Kawu ya girgiza kai. "Da rami ne kawai, da na huda wani. Amma kunnuwan ne ba a wurinsu ba, Yaya. Wannan ya tashi aiki. Guntun ƙarfe ɗaya ya rage mini mai wannan kaurin. Kuma sai ranar Alhamis injin zai samu sarari. In aka sake kuskure, shi ke nan."

Kaka ba ta yi faɗa ba. Ta cire mayafinta a hankali, ta ninke, ta ɗora a cinya. Da ma ta yi faɗan, da ya fi wa Injiniya sauƙi. Kunya ta rufe ta, hawaye suka zubo.

"Ko in nemi wani ya zana?" in ji Kawu.

Injiniya ta share fuska da bayan hannu. "Kawu, don Allah ka ƙara ba ni dama. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Kawu ya dubi Mama. Mama ta dubi Kaka.

"Ku bar ta," in ji Kaka. "Injiniya ɗaya gare ni. In ta sake ɓatawa, sai ta goya ni har can."

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa ɗakin kwamfuta. Ta ajiye ƙarfen a kan teburin Malam, ta faɗi duk abin da ya faru. Ba ta ɓoye komai ba, har da rular.

Malam ya yi ƙoƙarin danne dariya, bai iya ba. "A fuskar kwamfuta kika manna rula?"

"E, Malam."

"Zo ki ga wani abu."

Ya ja layi ɗaya. Ya ce ta auna shi da rularta. Ta auna, santimita biyar. Ya murza tayan linzami, layin ya ƙara girma.

"Sake aunawa."

"Goma," ta faɗa a hankali.

"Na taɓa layin?"

"A'a."

"To, wanne ne gaskiya, biyar ko goma?"

Ta ƙura wa layin ido. Can sai ta dafe kai. "Malam, babu ko ɗaya! Layin bai canza ba, kusa kawai aka matso da shi. Ni kuwa na matso da zanen kafin in auna kunnuwan."

"Yawwa. Jikin matakin ma sa'a kika ci ya zo kusa da daidai. A takarda, abin da kika gani shi ne. A nan kuwa, abin da kika rubuta shi ne. Me ya hana ki tambaya?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ji kunya a ce ban iya ba."

"Ni ma ranar da na fara, sai da na goge aikin awa biyu da yatsa ɗaya. Zauna mu fara."

Suka fara daga tushe. Layi, lamba. Layi, lamba. Ta koyi yadda ake zana rami ta hanyar rubuta faɗinsa. Ta koyi yadda ake sa kwamfuta ta nuna awo a gefen zane. Ta yi kuskure, ta goge, ta sake. Sauran yara suna waje suna wasa, ita tana nan zaune. Da ta manta inda ake danna wani abu, ta juya wurin yaron nan na kusa da ita.

"Don Allah, ina ake dannawa a koma baya?"

Ya nuna mata, ko tsokana bai yi ba. Ashe tambayar ba ta cizo.

Ranar Talata ta gama. Ta ce a tura wa Kawu.

"Tukuna," in ji Malam. "Ƙarfe ɗaya ya rage, amma takarda muna da ita da yawa."

Ya buga mata zanen a takarda, daidai girman da zai fito. Ya ce ta yanke shi da almakashi, ta je ta gwada a jikin keken.

Da yamma ta durƙusa gaban Kaka da matakin takarda. Rami ɗaya ya shiga noti. Ɗayan ya kusa, amma ya ƙi. Ɗan kaɗan ya rage, bai kai faɗin farce ba.

"Wayyo ni!" ta ce. "Yau kuma mene ne?"

"Injiniya, wannan na takardar zan taka?" in ji Kaka. "Ai ko kaza ba zai ɗauka ba."

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko rula, ta kwanta rub da ciki a ƙasa, ta sake auna notin. Sau uku tana aunawa. Sai ta gano. Daga gefen noti zuwa gefen noti ta auna tun farko. Kwamfuta kuwa daga tsakiyar rami take lissafi. Daga tsakiya zuwa tsakiya, takwas ne da ɗigo shida.

Ranar Laraba ta goge takwas, ta rubuta sabuwar lamba. Kunnuwan suka matsa da kansu. Abin ya burge ta ƙwarai. Da a takarda ne, da sai ta sake zanen gaba ɗaya. Aka buga, ta yanke, ta ruga gida. Ramukan biyu suka faɗa kan noti, zuruf! Ta cire, ta sake sakawa, don ta tabbata. Sannan ta kira Mama ita ma ta gwada.

Ranar Alhamis da safe Malam ya tura wa Kawu zanen, da yamma Kawu ya zo da sabon matakin. Wannan karon Kaka ba ta nemi mayafi ba. Kowa ya matso kusa da keken.

Kawu ya durƙusa. Kunne na farko ya shiga. Na biyu ma ya shiga, ba tare da an tura ba. Ya ɗaure notin tamau, ya danna matakin da tafin hannu. Ko motsi bai yi ba. Mama ta ɗaga ƙafar Kaka a hankali, ta ɗora.

Kaka ta dubi ƙafarta, ta dubi jikarta. "To, me muke jira? Ko sai an aiko mana da mota?"

Injiniya ce ta tura keken, Mama na biye da su. Suka wuce shagon mai ɗinki, suka wuce famfon layi. Ƙafar Kaka tana zaune daram, ko sau ɗaya ba ta zame ba.

Aminiyar Kaka tana zaune a tsakar gida, an kewaye ta da akwatuna. Idonta ya yi rauni, ba ta gane su ba sai da Kaka ta yi sallama.

"Ke ce?" ta ce. "Na fid da rai! Na ce zan tafi ba mu gana ba."

"Ki tafi ina ban sallame ki ba?" in ji Kaka.

Injiniya ta matsar da keken dab da kujerar. Tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna, ga kuka ga dariya. Injiniya ta tsaya a baya, daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta.

A hanyar dawowa Mama ta dafa kafaɗarta. "To, me kika koya?"

"Na koyi cewa iya tsohon abu ba shi ne iya sabo ba, Mama. Kuma faɗin 'ban sani ba' ya fi ɓata aiki sauƙi."

"Haka ne," in ji Kaka daga cikin keke. "In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Yanzu dai ƙara sauri, gobe ma da sassafe za ki mayar da ni. Hirarmu ko rabi ba mu yi ba."

Yara, duk gwanintarku, in kun tarar da sabon abu ku zama ɗalibai. Ku saurara, ku tambaya, ku gwada kafin ku yanke. In kun yi kuskure kuma, kada ku gudu. Ku tsaya ku gyara.