Ɗanladi Tsakanin Lakwal Biyu

Mai karatu, in aka ce ka zaɓi sana'ar da kake so ko yarinyar da kake so, wacce za ka saki?

Shekara biyu kafin samun ƴancin kai, Ɗanladi na zaune a zauren gidansu a Zango da takardu biyu a hannu. Ɗaya ta lakwal ɗin Yamai ce, wato makaranta, inda ake koyon gyaran ƙananan motocin Nasara, a fito da kaki mai guga. Ɗayar ta nan Damagaram ce, inda ake kwance injin kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa, a wuni cikin baƙin mai. Ran Litinin direktan makarantarsu ke son amsa. Kwana uku ke nan ya kasa zaɓa.

Malam Ari, tsohon madugu, mahaifin Ramlatu da Ɗanladi ke nema, ya riga ya yanke magana:

"In Yamai ya tafi, ma'aikaci ne, na ba shi. In ya kwanta ƙarƙashin kamiyo yana dukan ƙarfe, maƙeri ne. Gidanmu ba a taɓa ba maƙeri ba."

Da la'asar Ramlatu ta leƙo zauren, idanunta jajur.

"Yaya Ɗanladi, wacce ka zaɓa?"

"Yamai. Ina tsoron rasa ki."

"Kai da ko a kasuwa ka ji kukan kamiyo sai ka manta ina gabanka? Ka je ka koyi abin da ba ka so, ka dawo kana kallona da shi kullum? Shiga ta nan Damagaram. Zan jira."

Ya shiga. Shekara biyu Malam Ari bai amsa gaisuwarsa ba. Kullum masu neman Ramlatu suka yi sallama, sai ta ƙi fita, ta sha faɗa, ta sha kuka.

Shekarar da aka sami ƴanci, Malam Ari ya sayar da raƙumansa ya sayi kamiyo. Wata guda ta yi, ta ƙi tashi a ƙofar gida da lodi a kanta. Ba wanda ya kira Ɗanladi. Ya zo da kansa, ya shige ƙarƙashinta. Kafin azahar ta yi gurnani.

"Madalla," in ji Malam Ari. "Amma maƙeri dai maƙeri ne."

Inno, tsohuwar Malam Ari, ta ɗaga labule.

"Ari, da raƙumin ubanka ya gurgunce a hanyar Agadas, wa ya sa ƙarfe a wuta ya yi masa lalas?"

"Ni ne, Inno."

"Maƙeri ka zama?"

"A'a, jinya na yi."

"To, yaron nan raƙuminka ya yi wa jinya. Ba shi ruwa ya wanke hannu, a zauna a sa rana."

Malam Ari ya shiga ya ɗauko buta da kansa.

Haƙurin Ramlatu ya biya ta, gaskiyar Ɗanladi ta biya shi. Iyaye, in ɗanku ya zo da takardu biyu, kada ku dubi rigar da zai fito da ita. Ku zaunar da shi yau, ku tambaye shi abin da hannunsa ke so.