Inci Ɗaya da Rabi

Ranar da Kamilu ya fara ganin Shamsiyya, aro ya je. Rularsa ta karye, ga wilin mota, ƙarfen da ake sanya wa taya, kwance a rumfarsa ta faci a bakin titin Kankia. Sai ya leƙa shagon ɗinkin da ke maƙwabtaka da shi.

"Sannu da aiki. Ko za a ara mini tef ɗin awo?"

"Tef ɗina ba ya fita shi kaɗai," in ji budurwar da ke kan keken. "Masu baƙin mai ba su maido abu yadda suka amshe shi."

Ta biyo shi da tef a wuya. Ya kife wilin, ya gitta miƙaƙƙen ƙarfe a bakinsa na baya, ya ce ta auna daga ƙarfen zuwa fuskar da ke mannuwa da mota.

"Inci huɗu da rabi."

"Zurfin wili ke nan. In ya yi yawa, taya ta shige ciki ta yi guga. In ya yi kaɗan, ta fito waje ta ci bodi."

"Ashe kai ma tela ne."

Daga ranar Kamilu bai ƙara sayen rula ba, kuma duk layin an san dalili. Kafin wata uku ya san hanyar gidansu a Yashe kamar tafin hannunsa.

Mahaifinta, Malam Babba, malamin Islamiyya ne kuma manomi, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake ji da ita. Kan maganar aure, bai ce e ba, bai ce a'a ba, domin akwai Abdulrauf, ɗan amininsa mai kasuwanci a Kano, wanda shi ma ya nuna yana ciki. Da damina ta kankama, laka ta fara riƙe motar, sai Abdulrauf ya kawo kyautar manyan tayoyi huɗu da wili masu ƙyalli.

Malam ya kai su rumfar Kamilu tare da Abdulrauf, rumfar cike da jama'a. Kamar kullum, Shamsiyya ce ta riƙe tef.

"Biyar da rabi," ta faɗa a hankali.

Kamilu ya miƙe. "Malam, ba zan ɗaura ba. Tayar nan mai faɗi ce, inci huɗu take so. Da an ƙure sitiyari za ta ci tiyon birki."

Abdulrauf ya yi dariya. "Hassada dai, ba wani tiyo."

Fuskar Malam ta sauya. "Ni za ka ƙi a bainar jama'a? To wanda ya ƙi motata, kada ya sake tako ƙofar gidana."

Aka kai wa wani mai facin, ya ɗaura ba tambaya.

Da la'asar saƙon Shamsiyya ya shigo wayar Kamilu: "Ka kunyata mahaifina. Ba ka iya jansa gefe ba?"

Ya amsa: "Na yi kuskure wajen faɗa, Telata, amma ban yi kuskure wajen awo ba. Ke kika karanta. Gara ya hana ni ke, da in ɗaura abin da zai kifar da shi. Ina sonki, kuma ba zan janye ba."

Kwana uku ba ta amsa ba. Haushinsa take ji, kewarsa take yi, ga lambar nan ta ƙi fita daga kanta.

Ranar Asabar gidan suka shirya zuwa suna a ƙauyen Boko. Mahaifiyarta da gwaggonninta sun hau baya, Malam ya tada mota. Shamsiyya ta tsaya ƙyam.

"Hau mana," in ji Malam.

"Baba, ka yi haƙuri. Ba ni hawa."

"Mi kika ce?"

Ta ciro allin ɗinkinta, ta durƙusa da sabon leshinta, ta shafe gefen ciki na tayar gaba har ta yi fari.

"Ka kewaya itacen bedin nan sau ɗaya, sitiyari a ƙure. In allin bai taɓa komai ba, zan hau, kuma na haƙura da Kamilu har abada."

Mahaifiyarta ta dafe ƙirji. Malam ya dube ta, ya ga taurin kan nan ba a ƙasa ta tsince shi ba. Ya ja mota, ya kewaya, ya fito ya leƙa da kansa.

Tiyon birkin ya yi fari fat da alli. Da ya shafa, sai ya ji robar ta cinye har zare ya bayyana, yatsansa kuma ya jiƙe da man birki. Ya ɗago ya dubi matan da ke zaune a baya.

"Ku sauko," ya ce.

A kan acaba ya isa Kankia. Kamilu na ganinsa ya zube ƙasa yana ba da haƙuri.

"Tashi. Rashin kunyarka na nan, ban manta ba. Ɗauko ƙarfen naka mu tafi. In ka gama, ka turo magabatanka."

Abdulrauf ya kwashe wilinsa masu ƙyalli, tayoyin dai ya bari. Kamilu ya samo wili masu inci huɗu, ya sauya tiyo, ya ƙure sitiyari dama da hagu, taya ba ta taɓa komai ba.

Saƙonta ya zo a ranar: "Injiniyana, ban haƙura ba."

Kafin damina ta ƙare aka ɗaura aure. Ruwa ya yi ɓarna a hanya, motocin kai amarya biyu suka maƙale. A-kori-kurar ce ta ratsa lakar, Malam da kansa a sitiyari, amarya a gefensa tana kuka tana dariya.

A ƙofar gidan ango, Malam ya miƙa wa Kamilu wani dogon ƙunshi. Sabuwar rula ce ta ƙarfe.

"Ka daina aro. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya masu faɗin gaskiya, amma a gefe."

Jama'a suka ce amin cikin dariya.

Har yau rular na rataye a rumfa cikin ledarta. In wili ya zo, Kamilu leƙa shagon ɗinki yake yi, tef ɗin kuma har yanzu ba ya fita shi kaɗai.