Wa'azin Farfesa a Ranar Albashi

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Nives ce ta daka tsawar, bindiga a hannu. Ma'aikatan tashar jiragen ruwan Genova ta ƙasar Italiya da ke layin albashi suka zube kamar an sare su. Mijinta Tullio ya tare ƙofa. Kafin ƙiftawar ido jaka ta cika.

"Mu ware!" in ji Tullio.

Ina! Gualtiero, shugaban ƙungiyarsu ta 'yan juyin juya hali, wanda suke kira Farfesa, ya haye tebur yana gyara gilashi. Dokarsa ce: ba a fita sai an yi wa talakawa jawabi, don kada jarida ta kira su ɓarayi.

"'Yan'uwa ma'aikata! Ba fashi muka zo ba, 'yanci muka kawo muku—"

Wani tsoho ya ɗago kai daga ƙasa. "To ɗana, 'yancin ne zai sai wa jikokina taliya? Albashina ke cikin jakar nan."

"Kwamared, don girman Allah sauko!" Tullio ya ce, yana leƙen titi.

"Juyin juya hali ba ya gudu kamar ɓera," in ji Farfesa.

Can ƙasan tudu kuwa 'yan sanda sun riga sun kunno kai. Nives ta ji jiniya. Mijinta kaɗai ke tsakaninsu da titi, mutumin nan kuma bai ko kai tsakiyar zancensa ba!

"Tullio, matso daga nan!"

"In na matsa wa zai tare muku—"

Tau! Tau! Gilashin ƙofa ya tarwatse. Tullio ya durƙusa, ya kife. Ta yar da bindiga ta rungumo shi, jini na bin hannunta. Ta waiwaya neman taimako — tebur wayam! Wanda ba ya gudu kamar ɓera ya bi ta tagar baya, har da jakar.

Da aka cafke Farfesa a Milano, ko mari ba a kai masa ba ya fara zuba sunaye. Aka ce ya tuba, aka sassauta masa. Nives kuwa sai da furfura ta cika mata kai ta fito daga kurkuku. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar da ta koma tashar, ta tarar da samari ɗalibai suna shafa jan fenti a bangon wurin da Tullio ya faɗi ya mutu. Fuskar Farfesa ce, da gilashinsa, ƙarƙashinta an rubuta: Juyin juya hali ba ya gudu. Ta tsaya tana kallon zanen.

"Kaka, kin san shi?" wani ya tambaya da fara'a. "Gwarzo ne!"

"Na san wanda ya tare masa ƙofa."

"Wa kenan?"

"Tullio."

Saurayin ya ɗan yi tunani, ya ɗage kafaɗa. "Ban taɓa ji ba. Ɗan matsa Kaka, kada fenti ya ɓata miki takalmi."