Sallama a Kangon Marina

Ranar da Hafizu ya fara ganin Latifa, ta same shi yana tsakiyar zuba, kuma shi idan ya fara zuba sai an ja masa riga.

Sana'ar tasa ma sabuwa ce a Gazawa. Abokinsa Chindo da ke Turai ne ya taɓa turo masa bidiyo: wani mutum yana tafe a ƙasa, baƙi na biye da shi cikin tsohuwar unguwar Yahudawa, yana nuna musu gida-gida yana ba su tarihi. Hafizu ya ce ai mu ma muna da tsohuwar unguwa. Tun daga nan, duk ranar kasuwa sai ya tara 'yan lakol, wato 'yan makaranta, da ma'aikatan buro, wato ofis, da Katsinawan da suka ƙetaro iyaka, ya zaga da su Unguwar Marina, inda kakanni suka kafa rini bayan sun taso daga kudu.

A wani babban kango yake ƙare zagayen. Zauren ba rufi, katangar baya ta zube, kuma ta wannan ɓarakar yake shigar da mutane don ta fi kusa.

"Ku tsallako, ba kowa," in ji shi ran nan, yana tsaye a tsakiyar wani rusasshen ɗaki. "Masu gidan nan sun ƙare, sai dai labari."

Kowa ya tsallaka ban da wata budurwa mai shuɗin mayafi. Ita sai ta juya ta zagaya ta gaba, ta tsaya a bakin zaure, ta tuɓe takalmi.

"Salamu alaikum," ta ce.

Aka kwashe da dariya. Hafizu ya leƙo yana murmushi.

"Baiwar Allah, wa kike wa sallama? Ƙadangaru?"

"Gidan kakana nake wa," ta ce a hankali. "Mu ne waɗanda suka ƙare ɗin."

Da ƙyar Hafizu ya sallami baƙinsa, ya bi ta da ban haƙuri har ƙofar gidan gwaggonta Ummuhani, inda ta sauka. A hanya ya ji cewa malamar lakol ce a Gidan Rumji, can kakanta ya koma da iyalinsa lokacin da atamfar kanti ta kashe kasuwar rini.

"Ɗakin da ka tsaya a ciki na kakata ne," ta ce. "A nan aka haifi Baba, a bayansa aka binne cibiyarsa. Ko da gidan yana raye, namiji baƙo bai taɓa wuce zaure ba."

"Na tuba, Malama. Daga yau ƙafata ba ta ƙara bi ta ɓarakar nan."

Ta dube shi ta gefen ido, ta ga da gaske kunya ta kama shi, sai dariya ta kuɓuce mata. Wannan dariyar ce ta gama da Hafizu.

Bayan ta koma gida, waya ta ɗauki aiki.

"Baƙuwata, yau na zaga unguwa duka amma ban ga abin kallo ba. Ashe abin kallon ya koma Gidan Rumji."

"Jagora, rage daɗin baki. Ka ci abinci kuwa, ko surutu ka ci?"

"Na ci surutu, na sha tunaninki."

"Allah ya shirye ka. Ni ma dai ɗazu na rubuta sunanka a allo, sai da yara suka tambaye ni wane darasi ne."

Kafin damina ta faɗi, so ya kama su sosai, har Hafizu ya tura kawunnansa neman izini wurin mahaifinta, Malam Usmanu.

To, ashe akwai mai jira a gefe. Ubaidullahi, ɗan ƙanwar Malam Usmanu, dillalin babura ne mai ido biyu: ɗaya a kan Latifa, ɗaya a kan kangon nan, wanda yake so a ba shi ya baje ya gina shaguna. Shi ya tsinto wani bidiyo da wani baƙo ya taɓa ɗauka, ya kai wa kawunsa kafin manema su iso.

A bidiyon, Malam Usmanu ya ga saurayi da takalmi a ɗakin mahaifiyarsa, garada kewaye da shi, yana cewa masu gidan sun ƙare. Bai ɗaga murya ba. Da kawunnan Hafizu suka gama bayani, sai ya ce:

"Ku gaya mai, ɓarawo ka shiga gida ta katanga. Wanda yat tsallake tawa ba ya shigowa ta ƙohwata. Kuma tunda mun ƙare, ina muka ga ɗiyar da za mu ba shi?"

Latifa ta yi kuka har idanunta suka kumbura, don ita ma an nuna mata bidiyon. Sai ta tura wa Hafizu saƙo.

"Ka yi mini alkawari, Hafizu. Ashe ina juya baya ka koma tsallaka katangar."

Amsa ta zo nan take.

"Baƙuwata, ki sake kallo. Dubi bayan mutanen ta hagu. Wace ce mai shuɗin mayafi da ta juya za ta zagaya?"

Ta sake kallo, sai ga ta. Bidiyon na ranar haɗuwarsu ne. Ta yi dariya cikin hawaye.

"Ka yafe mini, Jagorana. Amma Baba ya rantse."

"Baba yana da gaskiya. Ni na ɓata, ba shi ba."

Wannan maganar har zuciyarsa ya faɗe ta. Bai sake tura kowa ba, bai nemi a roƙa masa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ɓarakar nan, da yanzu kowa ya mayar hanya saboda shi, har awaki. Sai ya kwaɓa ƙasa ya yi tubali, ya riƙa ɗorawa da hannunsa kullum da safe. Katangar ta fito a karkace, don mai baki ba lallai ya zama magini ba, amma ta tsaya. Samarin tasha suka sa masa suna mai gyaran gidan aljanu. Baƙinsa ma suka ragu, don da yawa cikin kangon suke so su shiga su ɗauki hoto.

Latifa ba ta san da wannan aiki ba. Abin da ta sani shi ne an fara maganar Ubaidullahi a gida, kuma ta rame.

Wata ranar kasuwa Malam Usmanu ya zo Gazawa tare da Ubaidullahi don ya damƙa masa kangon. Rabonsa da gidan tun yana saurayi. Suka nufi ɓarakar da Ubaidullahi ya sani, suka tarar da sabuwar katanga, dole suka zagaya ta zaure.

A ciki an share ko'ina. An cire ƙaya daga ɗakin tsohuwa, an jera duwatsu a bayansa don kada a taka. Ubaidullahi ya shiga auna fili da ƙafa yana lissafin shaguna, shi kuwa dattijon ya zauna a dokin ƙofar mahaifiyarsa.

Can sai suka ji muryoyi a waje.

"Jama'a, nan za mu tsaya," in ji wata murya. "Gidan nan yana da masu shi, suna Gidan Rumji, Allah ya ƙara musu yawa. Da can nakan ce sun ƙare, kuma nakan shigar da mutane ta baya. Jahilci ne, na daina. Za mu yi sallama, in ba a amsa ba mu wuce."

"To wa zai amsa a kango?" wani ya tambaya.

"Ba a taɓa amsawa ba. Amma haƙƙin gida ne."

Hafizu ya tuɓe takalmi a bakin zaure.

"Salamu alaikum."

Shiru. Ubaidullahi ya buɗe baki, kawunsa ya ɗaga masa hannu.

"Salamu alaikum."

Shiru. Hafizu ya yi ta uku, ya sunkuya zai ɗauki takalminsa.

"Wa alaikumus salam," in ji wata murya daga ciki. "Shigo, ɗana."

Wata 'yar lakol ta zunduma da gudu, wai aljanu sun amsa. Hafizu kam bai shiga ba, sai da dattijon ya fito zaure da kansa. Ganin goshinsa da idanunsa irin na Latifa sak, ya zube ƙasa.

"Baba, ku gafarce ni."

"Kai kay yi ginin ga?"

"Ni ne, Baba."

"Ya karkace," in ji Malam Usmanu, yana share ido da bakin rawani. "Amma tun da mahaihina yat tashi daga nan ba a yi sallama a ƙohwar ga an amsa ba sai yau. Tashi. Ka ce ma kawunnanka su komo, su biyo ta ƙohwa."

Ubaidullahi ya duba agogo, ya ce yana da ciniki a tasha.

Da yamma saƙo ya shigo wayar Hafizu.

"Jagorana, me ka yi wa Baba? Tun da ya dawo yake ba Inna labarin wata karkatacciyar katanga yana dariya."

"Sallama kawai na yi, Baƙuwata. Ke kika koya mini."

Bayan kaka aka yi wa zauren rufi, aka tayar da ɗakin tsohuwa, a nan aka ɗaura aure. Dangi suka zo daga Gidan Rumji da Cadawa da ƙetaren iyaka har unguwar ta cika, Gwaggo Ummuhani tana bin mutane tana cewa a ƙirga mata waɗanda suka ƙare. Malam Usmanu ya haɗa hannayen ango da amarya ya ce Allah ya ba da zaman lafiya, ya cika gidan da zuriya mai albarka. Aka shafa.

Ranar kasuwa ta gaba, ango ya zago da baƙinsa kamar kullum. Ya tsaya a bakin zaure, ya tuɓe takalmi, ya yi sallama. Tun kafin ya rufe baki aka amsa daga ciki.

"Wa alaikumus salam, Jagorana. Baƙi su zauna a zaure, ga ruwa nan tafe. Kai kuma shigo gida."