Awa Takwas Zuwa Wurin Yaya

"A ɗauki akwatin nan a mayar wa mutanen Jigwada kayansu!" in ji Baba Manasseh, ƙanen marigayi mahaifin Judit, yana dukan tebur a falonsu na Tudun Ƙofa, a garin Keffi.

Judit ta yar da tsintsiya, ta haye akwatin da iyayen Natan suka kawo na neman aurenta, ta zauna daram.

"Sai dai a ɗauka da ni, Baba!"

Ga abin da ya kawo rigimar. A gidansu, in uba ya rasu, babban wa ne ke ba da aure, kuma sai manemi ya durƙusa gabansa ido da ido, waya ba ta wadatarwa. To yayanta Julius yana Guangzhou ta ƙasar Sin, yana yi wa 'yan kasuwa lodin kaya. Natan kuwa gadi yake yi a wani otal a Dubai.

"Wata huɗu da kawo akwatin nan!" in ji Baba. "Dukansu suna Asiya, amma ya kasa leƙawa ya gaida yayanki. Ni da gwiwar nan tawa nakan je Abuja in dawo kafin rana ta faɗi. Raini ne!"

"Haba Baba! Asiya ba Mararraba da Nyanya ba ce!" Ta miƙa masa wayarta. "Duba. Kusan kilomita dubu shida. Awa takwas a jirgi, ya fi Abuja zuwa Landan nisa. Ga biza. Mutumin da hutunsa kwana ɗaya ne a mako!"

"Janye mini abin nan daga fuska! In Kirsimeti ta wuce bai je ba, an gama magana."

Mahaifiyarta, Mama Lea, ta fashe da kuka. "Judit, sauko, kar ki kunyata ni."

Ba ta sauko ba sai da Baba ya fita.

Hutun Natan na shekara kwana goma ne kacal, a Disamba, kuma Keffi ya shirya zuwa. Rabonta da ganinsa shekara biyu. Washegari ta kira shi.

"Kar ka zo. Ka nemi biza, ka tafi wurin Yaya."

"Judit, shekara biyu fa! Ba kya son ganina?"

"Ina so har ba na iya cin abinci. Amma ba za a ce mijina ya raina gidanmu ba. Tafi!"

Ta kashe wayar, sannan ta yi kukanta.

Ranar Kirsimeti ta je coci ita kaɗai, matan unguwa na zunɗenta, wai saurayi ya gudu. Ko kallo ba su ishe ta ba. Ana tasowa sai ga kiran bidiyo daga Julius. Aka miƙa wa Baba.

Ga Natan durƙushe tsakanin kwalaye, cikin rigar sanyi.

"Baba, ga baƙona," in ji Julius. "Ya sauka ƙafa a kumbure. Ni shekarata shida a nan, ban taɓa zuwa Dubai ba don nisa. Na ba shi Judit."

Baba ya yi tari, ya kau da kai. "To... ku ce ya tashi mana. Ba ku ga ana sanyi ba?"

Aka ɗaura aure bayan Ista.

'Yan mata, ku ji: tsayawa kan wanda kike so ba ya nufin taka al'adar gidanku. Ku kuma manya, ku tambayi nisan hanya kafin ku yanke wa matafiyi hukunci.