Sarƙar Mami Ayo

Ƙarfe huɗu da rabi na yammacin Asabar, Sufeto Sahr Lebbie yana zaune a rumfar mai abinci a bakin tekun Kent, kusa da Freetown, ya tasa shinkafa da miyar ganyen rogo a gaba. Ya cire takalmi, ya tura ƙafafunsa cikin yashi. Bai fi loma uku ya kai baki ba sai ga Kofur Mariatu Sillah ta iso tana haki.

"Yallaɓai, an yi sata a jirgin Pa Bankole."

"Wa zai saci kayan Pa Bankole? Me yake da shi?"

"Shi ake zargi, yallaɓai. Yanzu suka dawo daga Tsibiran Banana. Idan ba mu yi sauri ba za a taɓa lafiyarsa."

Sufeto ya sa takalminsa ya bi ta.

A bakin ruwa mutane sun yi cincirindo. Pa Bankole, dattijon da ya shekara talatin yana kai masu yawon buɗe ido tsibiran, yana tsaye kusa da jirginsa, hularsa a hannu. Wani matashi mai jiki yana nuna shi da yatsa yana ɗaga murya.

"Kai ne wa?" in ji Sufeto.

"Desmond Thorpe. Sarƙar mahaifiyata ce ta ɓace, ta zinariya. Wannan tsohon ne kaɗai ya zauna a jirgi muna cikin ruwa."

"To na ji. Sauke hannunka. Ina mahaifiyar taka?"

Tana zaune a kan wani kwalekwale da aka kife, tana shan ruwan kwakwa. Mami Ayo Thorpe ke nan, tsohuwar ma'aikaciyar jinya daga Freetown. Gashinta bai gama bushewa ba, kuma in ba an faɗa maka ba, ba za ka ce ita aka yi wa sata ba.

"Ɗana, yau na cika saba'in," ta ce da Sufeto. "Tun ina yarinya nake hango tsibiran nan, ban taɓa taka su ba sai yau. Na sa gilashin ruwa, na leƙa ƙasan teku. Ka taɓa gani? Kifaye shuɗaye, masu ruwan ɗorawa, wasu kamar an yi musu zane da alli. Har kunkurun teku ya wuce ta ƙarƙashina, bai ko kula ni ba."

"Ni, Mami, ruwan wanka ma a bokiti nake son ganinsa. Ba ni labarin sarƙar."

Sarƙar ta mahaifiyarta ce, siririya, da ɗan kifi na zinariya a jiki. Da safe, kafin su shiga ruwa, ta cire ta, ta sa a gidan tabaraunta, aka jefa cikin bokiti mai murfi tare da wayoyin kowa. Sun yi iyo na farko, sun sauka ƙauyen Dublin sun ci gasasshen kifi, sun zaga tsohuwar coci, sannan suka sake shiga ruwa da rana. Sai a hanyar dawowa ta buɗe gidan tabarau ta tarar babu komai.

"Su wa ke cikin jirgin?"

"Ni, da Desmond, da amaryarsa Adama, da ƙanena Festus. Sai Pa Bankole da Yeabu, yarinyar da ke koya mana iyo."

"Wa ya san inda kika sa ta?"

"Kowa. A gabansu na cire. Har na faɗa musu wannan ne sawata na ƙarshe, ranar Lahadi mai zuwa zan rataya wa Adama ita."

Kofur Sillah ta matso. "Yallaɓai, na caje jakunkunansu da aljihunansu duka, da yardarsu. Na duba jirgin lungu-lungu. Babu."

"Ya ɓoye ta a tsibiri!" in ji Desmond daga baya.

Sufeto ya juya masa baya. Ya ja Pa Bankole gefe, ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Ya lura dattijon yana ɗingishi.

"Pa, ka bar jirgin lokacin da suke cikin ruwa?"

"Ko taku ɗaya. Doka ce, mai jirgi ba ya barin jirgi baƙi suna ruwa."

"Da rana fa, da aka sauka Dublin?"

"Da bokitin na sauka. A kansa na zauna na ci abinci."

"Ke nan daga safe zuwa yamma kai kaɗai ke tare da bokitin. Ka san abin da kake faɗa mini kuwa? Kana rubuta takardar tuhumarka da bakinka."

Sufeto ya nuna ƙafar dattijon.

"Ɗaga ƙafarka ta hagu."

Dattijon ya ɗaga da ƙyar. A diddigensa akwai baƙaƙen ɗigo guda biyar, wurin ya kumbura.

"Ƙayar bushiyar teku ce wannan, kuma ta yau ce," in ji Sufeto. "Ni ban iya ruwa ba, amma na san ba ta hawa jirgi."

Pa Bankole ya sauke ajiyar zuciya. "Anga ce, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, ta maƙale a dutse, da safe, a iyon farko. Igiyar ruwa tana jan jirgin wajen duwatsu. Na nutsa na warware ta. Sau huɗu ina sauka ina hawowa, ta bayan jirgi. Minti goma, ko fiye kaɗan."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Yallaɓai, idan masu masaukin baƙi suka ji na bar jirgi, ba za su ƙara turo mini kowa ba."

"Idan suka ji ka saci sarƙa fa?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Da ka hawo, ka ga wani abu?"

"Matakalar da baƙi ke hawowa jirgi a jiƙe take. Na ɗauka ruwa ne ya fantsamo."

Sufeto ya rubuta a ɗan littafinsa, ya aika a kira Yeabu. Ta zo da tarin gilasan ruwa da bututun numfashi rataye a hannu, za ta wanke.

"Kina ƙirga kawunan baƙi idan suna ruwa?"

"Kowane minti, yallaɓai. Idona bai bar kowa ba."

"Kowa?"

"Kowa."

"Mami ta ce mini kunkurun teku ya wuce ta ƙarƙashinta. Ina kike a lokacin?"

Yeabu ta yi murmushi ba ta sani ba. "Ina riƙe da hannunta. Ta ƙi sakina, sai da muka bi shi har bayan duwatsu. Tana ta ihu cikin bututu."

"Kina bin kunkuru, kina riƙe da tsohuwa, kuma kina ƙirga kawuna."

Murmushin ya ɓace. "To, na ɗan lokaci ban duba ba. Amma ango da amarya suna kusa da mu, hannunsu a sarƙe, ko rabuwa ba su yi ba. Na gan su da muka juyo."

"Festus fa?"

"Kawu Festus? Ai shi ya ce ba ya bukatar mai kula da shi. Wai ya yi iyo a ƙasashe bakwai." Ta taɓe baki. "Da kayansa ya zo, sababbi fil. Da na miƙa masa bututunmu da safe sai ya ce Allah ya kiyaye ya sa bakinsa inda dubban bakuna suka tsotsa. A gaban mutane fa. Ni da nake wanke su da sabulu kullum!"

"Bai kyauta ba."

"Amma da rana wa ya zo yana roƙona in ara masa namu? Shi ɗin dai."

Sufeto ya daina rubutu. "Ya ari naku? Nasa fa?"

"Wai yana matsa masa dasashi."

"Na gode, Yeabu. Je ki wanke kayanki."

Festus yana zaune a inuwa a kan kujerar roba, ya harɗe ƙafa. Ya haura sittin, amma gashinsa baƙi wuluk da rini, rigarsa mai furanni, ƙamshin turarensa ya danne ƙarnin kifin wurin. Jakar raga tana gefensa, gilashinsa da bututunsa a ciki.

"Sufeto! Zo ka zauna. Abin takaici, wallahi. Tsohon nan ya ba ni tausayi, amma ka san talauci."

"Ka fita daga ruwa a iyon safe?"

"Ni? Ni ne farkon shiga, ni ne ƙarshen fita. Tambayi kowa."

"Ka ga Pa Bankole a jirgi duk tsawon lokacin?"

"Yana zaune daram kamar gunki, kusa da bokitin. Duk sanda na ɗago kai sai na gan shi."

"Duk sanda ka ɗago."

"Duk sanda na ɗago."

Sufeto ya gyaɗa kai, ya rufe littafinsa. Ya yafito sauran da hannu, suka matso, har da Mami Ayo da kwakwarta.

"Kawu, ka taimake ni da wani abu. An ce kai gwani ne. Ni mutumin tudu ne, daga Kono na fito. Na kasa gane yadda mutum zai kifa fuska a ruwa kuma ya yi numfashi. Nuna mini da naka."

Festus ya yi dariya. "Abu mai sauƙi. Yeabu, kawo ɗaya daga cikin naku."

"A'a, kar mu sa ka tsotsi na mutane. Naka dai."

"Yana matsa mini dasashi."

"Numfashi ɗaya kawai."

Festus ya dubi yayarsa, ya dubi Desmond. Ya jawo jakar a hankali, ya zaro bututun, ya riƙe shi a kwance kamar mai ɗauke da kofi cike da shayi. Ya kai bakinsa, ya ja iska. Wata 'yar ƙara ta fito, siririya, kumatunsa suka lotsa. Ya cire yana tari.

"Yashi ne ya shiga."

"Kawo in kakkaɓe maka."

Sufeto ya karɓa, ya cire robar bakin, ya juya bututun ƙasa ya buga a tafin hannunsa. Ba abin da ya fito. Kofur Sillah ta zare tsinken gashinta ta miƙa masa. Ya zura, ya jawo wani ɗan ƙyallen hankici da aka cusa. Bayansa sarƙar ta sulalo, ta taru a tafinsa, ɗan kifin zinariya a sama.

Adama ta dafe baki. Desmond ya buɗe nasa ya kasa rufewa.

"Pa Bankole ya bar jirgi na minti goma da safe, yana fama da anga," in ji Sufeto. "Kai ka ce duk sanda ka ɗago kana ganinsa a zaune. Ka gan shi dai, lokacin da ya nutsa. Sai ka hau ta matakala, ka buɗe bokiti, ka koma ruwa. Ba ka da aljihu, kuma ka san za a caje jaka. Shi ya sa da rana ka koma aron bututun da ka raina."

Festus ya lanƙwashe a kujerarsa. Ya sunkuyar da kai.

"Ta uwarmu ce," ya ce wa yayarsa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Uwarmu, Sisi, ba taki ke kaɗai ba. Shekara arba'in tana wuyanki ban ce uffan ba. Yau kuma, a gabana, ki ce za ki ba yarinyar da ta shigo gidan jiya. Ko ki tambaye ni."

"Da za ka yi me da ita?" in ji Mami Ayo.

"Akwai wadda nake nema. Na yi mata alkawarin abin da ya fito daga gidanmu."

"A shekarunka? Ta nawa ke nan?"

"Wannan daban ce, Sisi."

Mami Ayo ta ajiye kwakwar. Fara'ar da ke fuskarta tun ɗazu ta kau.

"Festus, da ka zo ka ce mini kana so, da mun yi faɗa, da na zage ka, wataƙila ma da na ba ka. Sarƙa ce kawai. Amma ka zauna a inuwa ka harɗe ƙafa, ana neman a doki bawan Allahn nan da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Kana kallo. Har kana cewa talauci."

Festus bai ɗago ba.

Desmond ya taka wajen Pa Bankole, ya cire hularsa, ya rusuna. "Pa, na yi maka rashin kunya a gaban jama'a. Ka yafe mini."

"Ya wuce, ɗana. Uwarka ce, dole ranka ya ɓaci."

"A gaban jama'a ka zarge shi," in ji Sufeto. "Ɗaga murya yadda ka ɗaga ɗazu."

Desmond ya juya ga taron, ya faɗa da ƙarfi cewa Pa Bankole bai ɗauki komai ba. Masunta suka yi sowa, wata mai sayar da kifi ta rangaɗa guɗa. Yeabu ta ruga ta kawo lemun tsami da allura, ta zaunar da dattijon ta hau cire masa ƙayoyin.

"Pa," in ji Mami Ayo, "Asabar mai zuwa kana da baƙi?"

"Babu tukuna, Mami."

"Yanzu kana da su. Matan ƙungiyarmu ta coci, mu goma sha biyu. Sai sun ga abin da na gani."

Sufeto ya sa sarƙar a ambulan, ya rubuta a bayansa. "Mami, za ta kwana a ofis a matsayin shaida. Ƙanenki kuma sai ya biyo mu ya ba da jawabi. Sai dai in kin ce kin janye ƙara."

Festus ya ɗago da sauri. "Sisi..."

Ta dube shi sama da ƙasa, kamar yadda ta saba duban majinyacin da ya ƙi shan magani.

"Ku tafi da shi. Gobe zan zo in yi belinsa, bayan an tashi daga coci."

"Sisi, gobe fa ranar godiyar girbi ce! Ba a tashi sai ƙarfe uku!"

"Har da liyafa bayan nan," in ji ta.

Kofur Sillah ta kama gwiwar hannunsa. Ba a sa masa ankwa ba. Ya miƙe, ya gyara wuyan rigarsa, suka haura da shi ta cikin yashi zuwa motar 'yan sanda, yana tafe yana tambayar Kofur ko ɗakin da za a tsare shi yana da gidan sauro.